Alhamis a tsakiyar gashin sankarar mama: abin da fatata ta nuna yau

Alhamis, cikin hunturu.

Na farka kafin kiran assalatu saboda ƙaiƙayin da ya taso mini a ƙarƙashin nonon dama, irin wanda ake jin sa can cikin fata, kuma sai da na danne hannuna da ɗaya hannun har ya lafa, domin tun ranar da aka fara yi mini gashi, wato haska wurin da haske mai ƙarfi na na'ura domin kashe ƙwayoyin sankara, aka gargaɗe ni cewa farce ɗaya ya isa ya buɗe fatar da ta riga ta yi rauni. Makonni biyun farko sun wuce ban ga wani sauyi ba, har na fara zaton ina cikin 'yan ƙalilan ɗin da fatarsu ba ta nuna komai, amma a wannan makon wurin ya fara ɗumi, ya ɗaure, kuma launinsa ya rabu da na sauran jikina.

Gwaggo, wadda nake zaune a gidanta a nan Abuja har a gama maganin, ta riga ni tashi ta dafa ruwan wanka ya tafasa, kamar yadda take yi wa duk wanda ya kwana a gidanta lokacin sanyi. Na sirka shi da ruwan randa har ya koma ɗumi-ɗumi, tana tsaye a ƙofar banɗaki tana cewa, "'Yar nan, wannan ai ba ruwan wankan marar lafiya ba ne." A wurin Gwaggo ruwan zafi shi ne maganin kowace gajiya, kuma ba na ganin laifinta, domin da shi ta yi mini wankan jego. Na sake yi mata bayani cewa zafi ko sanyi mai tsanani duk suna ƙara wa wurin illa, shi ya sa ba a gasa shi da tsumma, ba a kuma ɗora masa ƙanƙara.

Wankan da nake yi yanzu ya saɓa da duk abin da aka koya mini na tsafta tun ina yarinya. Soso ba ya zuwa kusa da ƙirjina, sabulun salo da na saba da shi na ajiye shi, na koma wani farin sabulu marar ƙanshi, kuma da tafin hannu kawai nake shafa kumfar in bari ruwa ya gangara ya wanke ta. Akwai alamomin tawada da aka zana mini a ƙirji da gefen haƙarƙari, waɗanda da su ake daidaita ni a kan na'ura kullum, don haka ina kewaye su a hankali kada su goge. Idan na fito ba na goge wurin da tawul, dannawa nake yi sannu sannu har ruwan ya tsotse, sannan in kwanta rigingine in ɗaga hannu sama in bar iska ta busar da lanƙwasar da ke ƙarƙashin nono da hammata, saboda nan ne fata ke gogar fata, nan ne kuma zufa ke taruwa.

Da gari ya waye na tsaya kusa da taga da madubi, kuma a nan na fi daɗewa yau. Takardar bayanin da aka ba mu ta ce fata za ta yi ja, kuma na yi ta duba jikina ina neman jan ban gan shi ba. Abin da na gani a baƙar fata irin tawa shi ne duhu: wani fili mai miƙaƙƙun gefuna, daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, ya fi ɗaya ɓangaren baƙi, yana ɗan sheƙi, kuma ƙofofin gashin wurin sun fito ɗige-ɗige baƙaƙe. Kan nonon ya fi ko'ina saurin jin taɓawa. A ƙasa, cikin lanƙwasar, fatar ta fara saɓa a bushe, siririya kamar ɓawon soyayyar gyaɗa. Wannan abu ya dame ni ƙwarai, domin macen da aka ce ta jira ja za ta iya zama da ƙuna tana cewa lafiyarta ƙalau, har sai wurin ya tsage ya fara ruwa. Ni dai yanzu ɓangarori biyun nake gwadawa da juna a hasken rana, in ɗora bayan hannuna in ji wanne ya fi ɗumi, in kuma ɗauki hoto a wayata domin in nuna a asibiti.

Atamfofina masu sitaci da leshi suna cikin akwati ban taɓa su ba. Tsohuwar singiletin auduga ta maigida nake sakawa daga ciki, wadda wanki ya laushe ta, sannan in ninke wani ƙyalle mai laushi in sa a ƙarƙashin nonon ya raba fata da fata. Rigar nono mai ƙarfe a ƙasa na daina saka ta gaba ɗaya. Humra kuwa a bakin hijabi nake ɗan shafa ta, ba ta taɓa ƙirji, kuma jakata ta koma kafaɗar hagu.

A ɗakin jira na tarar da fuskokin da na saba gani, mata daga Kano da Bauchi da Minna da wasu garuruwan, domin wuraren da ake yin gashi ba su da yawa a ƙasar nan, alhali a shekarar 2022 kaɗai an ƙiyasta cewa mata sama da 32,000 ne aka gano suna da sankarar mama a Nijeriya. Kusa da ni akwai wata dattijuwa da aka cire wa nono gaba ɗaya, kuma na lura tana riƙe da gaban rigarta nesa da jikinta. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, ya jikin? Wurin yana damun ki ne?" Ta matso ta rage murya ta ce tun da aka fara mata ba ta bari ruwa ya taɓa wannan ɓangaren ba, saboda wata a gidan da ta sauka ta gaya mata cewa ruwa yana ruɓar da wurin gashi, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne wankan ibada da take ta kewayewa. Ta ɗan ɗaga mayafinta ta nuna mini: tsohon mai da zufa da ƙurar hunturu sun taru sun yi ɓawo a kan tabon tiyatar.

Na gaya mata abin da na sani, cewa a da can likitoci da kansu sukan hana wanka, amma an gwada an ga ba haka ba ne. A wani bincike da aka buga a 2001 a Kanada, kan mata 99 masu gashin nono, fatar kashi 33 cikin ɗari na waɗanda ba sa wanke wurin ta tsage ta yi ruwa, alhali cikin masu wankewa da ruwa da sabulu kashi 14 ne kawai. Lissafin bai dame ta ba. Abin da ta tambaya shi ne, "To 'yata, in yi wankana ke nan?" Na ce ta yi, amma mu fara shiga wurin nas tare ta duba wurin tukuna, kuma muka shiga. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma na tabbata da namiji ne ya tambaye ta ya jiki, da sauƙi kawai za ta ce.

Gashin kansa ba ya ɗaukar lokaci. Na kwanta na ɗaga hannuwa sama da kai, aka daidaita alamomin jikina da zaren hasken da ke fitowa daga bango, ma'aikatan suka fita, na'urar ta juya gefe ta yi ƙara na ɗan lokaci, ta juya ɗaya gefen ta sake. Ba a jin zafi, ba a ganin komai, kuma daidaitawar ta fi gashin daɗewa.

Yau ce ranar da ake duba fata a kowane mako, kuma nas ɗin ta sa safar hannu ta ɗaga nonon ta haska lanƙwasar da fitila, abin da ni kaina ba na iya gani sai da madubi. Ta ce saɓar busasshiya ce, ba ta kai ga tsagewa ba. Na tambaye ta dalilin da ya sa sai yanzu abin ya bayyana, sai ta zauna ta yi mini bayanin da ya kwantar mini da hankali. A ƙasan fata akwai ƙwayoyin halitta da kullum suke rarrabuwa suna haifar da sababbi, waɗanda ke hawowa sama su maye gurbin tsofaffin da ke zubewa, kuma zagayen yakan ɗauki kimanin mako 4. Hasken gashi ya fi illata ƙwayoyin da ke rarrabuwa, shi ya sa yake kashe na sankara, amma a hanyarsa ta shiga yana taɓa waɗannan na fata. Tsofaffin da ke sama suna nan suna rufe wurin har su zube a lokacinsu, sai a tarar sababbin da za su gaje su ba su isa ba, shi ya sa alamar ba ta fitowa sai bayan kwana 10 zuwa 14. Saboda wannan dalilin ne kuma abin yakan fi tsanani mako 1 zuwa 2 bayan zaman ƙarshe, kafin ya fara warkewa cikin makonnin da ke biye. Ta ƙara da cewa mata masu manyan nonuwa, da masu ciwon sukari, da masu shan taba sun fi fuskantar tsagewar, haka ma waɗanda aka cire wa nono kuma ake shimfiɗa musu wani abu mai laushi a ƙirji lokacin gashi domin hasken ya kama fata sosai, kamar dattijuwar nan.

Na fito da man kaɗanyar da ƙanwata ta aiko mini daga Kano na nuna mata. Ta buɗe ta sunsuna, ta ce an haɗa shi da turare, don haka in bar shi ga ƙafafu da hannuwa, in ci gaba da man da suka ba ni marar ƙanshi, siriri siriri, safe da dare, kuma kada in lafta shi da kauri dab da shiga na'ura. Game da hammata ta ce kada reza ta taɓa ta, balle halawa ko dilka, kuma alimun da na saba gogawa in dakatar da shi saboda gogar. Ta juya ni ta nuna mini bayan kafaɗata ta dama, wurin da ban taɓa tunanin dubawa ba, ta ce tunda ana haska ƙasan wuyana ma, hasken yana fita ta baya, don haka nan ma a shafa mai. Likita ya leƙo ya rubuta mini wani man shafawa na rage kumburi da ƙaiƙayi, ya ce, "Hajiya, a kan fatar da ba ta buɗe ba kawai, kuma ranar da kika ga ruwa ko kika ji wari ko zazzaɓi, kada ki jira Alhamis."

Da la'asar wata maƙwabciyar Gwaggo ta shigo dubiya da ƙullin garin magani da kwalbar man zafi, ta ce a kwaɓa garin da zuma a shafa, da shi wata 'yar uwarta ta warke daga ƙunar ruwan zafi. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, domin na san ƙauna ce ta kawo ta, sannan na gaya mata gaskiya cewa ba zan shafa ba, kuma dalilina shi ne fatar da ake haskawa kullum ba ta samun hutun da ƙunar girki ke samu, kuma idan ta tsage ta kamu da ƙwayoyin cuta za a iya dakatar da gashin, alhali jinkirin yana rage amfaninsa. Na lura ta riƙe jikarta ta hana ta zuwa wurina, sai Gwaggo da kanta ta ce, "Sake ta ta je, likita ya ce hasken ba ya zama a jiki." Yarinyar ta zo na zaunar da ita a cinyar hagu. Na ji daɗin cewa daga bakin Gwaggo maganar ta fito.

Bayan isha'i na wanke hannu na shafa man, Gwaggo ta shafa mini na bayan kafaɗa, kuma na bar saɓar yadda take ban ɓantare ta ba ko da yake gefunanta sun ɗago. Duhun wurin zai iya ɗaukar watanni kafin ya washe, kuma na riga na san idan na koma gida za a sami mai kawo mini man bilicin a ce zai daidaita launin. Ba zan karɓe shi ba, domin fatar da aka yi wa gashi takan daɗe tana da rauni, ba ta jure rana kamar da, balle sinadaran da ke ƙara sirantar da ita.

Abin da ya rage mini in shirya shi ne lokacin da za a sallame ni, tunda makonnin da fatar za ta fi tsanani a Kano za su same ni, nesa da waɗanda suka san wurin. Na yi magana da maigida a waya ya nemo asibitin da ke kusa da mu inda ake wankin ciwo, kuma gobe in sha Allah zan roƙi nas ta rubuta mini sunan abin rufe ciwon da ba ya mannewa da fata, da yadda ake riƙe shi ba tare da an liƙa filasta a kan wurin gashin ba, in saya tun ina nan.