Yau na wanke gishirin mako uku

Asabar, tsakiyar Fabrairu, Otawa, Kanada.

Tun daren jiya na ga waya ta nuna yau za a kai digiri 2 sama da sifili, sai na ce wa Maman Hanifa kada ta sa ni a lissafin komai da safe, ni da mota ne. Ta ce, "Abban Hanifa, motar nan fa ta fi ni samun kulawa a gidan nan." Na ce ai ke gishiri ba ya cin ki. Ta ce ƙwarai, ita ce ma take cin sa, kuma in zan dawo in taho mata da shi, na kicin ya kusa ƙarewa.

Mako uku ke nan ban wanke motar ba. Ba ƙiwa ba ce. Sanyin da muka sha ya yi ta kai wa 20 ƙasa da sifili, kuma a irin wannan sanyi in ka jiƙa mota, kafin ka kai gida ƙofofi sun manne, washegari sai ka tsaya kana jan marfi kamar mai kokawa da rago ranar Sallah. Ya taɓa faruwa da ni, ta but na shiga na rarrafo zuwa kujerar direba, 'yata tana leƙe ta taga tana dariya. To tun daga nan nake jiran rana irin ta yau.

Da na fito bayan karin kumallo, Corolla ɗin nan da na saya baƙa wuluk ta koma kamar jakin da ya yi birgima a toka. Lambar baya ma ba ta karantuwa. Akwai 'yar dusar ƙanƙara da ta sauka cikin dare, na ture ta da abin turewa mai kan soso, a hankali, ban kai shi jikin fenti ba. Na bar siririn abin da ya rage, zafin inji ya narkar da shi. Wannan ma sai da na biya kuɗin makaranta kafin na koye shi. Shekarar da na zo, da buroshi mai tauri nake share boneti, in na ga ƙura kuma in ɗauko tsumma in goge a bushe, yadda muke yi a Zariya lokacin hunturu, inda kowace safiya yaro zai fito da tsumma ya kakkaɓe motar Baba kafin a tafi aiki. Amma ƙurar can gari ce mai laushi. Ta nan gishirin da ake watsa wa titi saboda ƙanƙara ne, da tsakuwa. Duk gugar da ka yi, tamkar ka sa yashi ne kana dirzar fentin. Har yau in rana ta haska bonetin ina ganin zane-zanen da na yi da hannuna.

Maƙwabcina yana waje yana gyara gefen hanyarsa da shebur. Dattijo ne ɗan lardin Kebek, tsohon bakanike, ya haura saba'in amma ba ya yarda kowa ya kwashe masa ƙanƙara. Shi ne mutumin da ya taɓa fitowa a guje da silifas, ya riƙe mini hannu, ranar da na fito da butar ruwan zafi zan sheƙa wa gilashin gaba. Ya ce in na zuba, gilashin zai tsage tun daga wannan gefe har wancan. Ban san shi ba a lokacin. Daga ranar muka saba. Yau da ya gan ni sai ya nuna sama ya ce, "Kowa can zai nufa, ka yi sauri."

Gaskiyarsa. Da na isa wurin wankin, motoci goma sha huɗu na ƙirga a gabana, layin har ya fito titi. Na zaɓi irin wanda ba a taɓa motar da komai sai feshin ruwa da sabulu, domin waɗancan manyan buroshin masu juyawa sun riga sun sha tsakuwar motocin da suka gabace ka, ita za su shafa maka. Na kuma ƙara kuɗi don a fesa ƙarƙashin motar. In don ta ni ne, wannan feshin na ƙasa shi ne wankin, sauran duk kwalliya ce don idon mutane.

Ina cikin layin sai ga kiran ƙanena daga gida. Bayan gaisuwa da tambayar Hajiya, ya koma kan maganarsa ta kullum: "Yaya, yaushe za ka turo mana motar nan ne? Ka ce in ka canja." Na juya masa kyamara ya gan ta. Ya yi salati, ya ce, "Yaya, gini kake yi da ita?" Na ce gishiri ne. Ya ɗauka wasa nake.

Ban ga laifinsa ba. Mu da muka taso muna ganin kakanmu yana sayen kantun gishirin Bilma yana ajiyewa a ɗaki don shanu, ana fasa shi kaɗan-kaɗan kamar abin da ba a so ya ƙare, ta ina za ka fara yi wa mutum bayanin cewa akwai ƙasar da ke watsa kusan tan miliyan 5 na gishiri a kan tituna duk shekara? A nan lardin Ontariyo ma, a garin Goderich, akwai mahaƙar gishiri da ta shiga ƙarƙashin tafkin Huron, ita ce mafi girma a duniya cikin waɗanda ke ƙarƙashin ƙasa, kuma galibin abin da ake haƙowa ba miya yake zuwa ba, kwalta yake zuwa. Amfaninsa a fili yake: ruwan da ya sha gishiri ba ya daskarewa da wuri, sai titi ya daina santsi. Sai dai in sanyi ya wuce kamar 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa yana raguwa, shi ya sa suke haɗawa da yashi ko wani nau'in gishirin da ya fi shi jure sanyi. Wannan na biyun kuwa yana jan danshi daga iska, sai ya liƙe a ƙarfe ya ƙi bushewa. Ƙarfe, ruwa, gishiri: tsatsa ta samu gidan zama.

Na ce wa ƙanena abin da nake gaya wa duk wanda zai sayi mota 'yar Kwatano: kada ƙyallin bodi ya ruɗe ka. Ka sa bakanike ya kwanta a ƙasa da tocila. In motar ta yi rayuwarta a wajen da ake ƙanƙara, a can ƙasa labarin yake, a salansa, a bututun man birki, a bakin madigadi. Wadda ta fito daga jihohin zafi na Amurka daban, wadda ta sha hunturu goma a Kanada daban, ko da shekararsu ɗaya. Ni kuwa ba na so ranar da motar nan ta isa gida, bakaniken unguwarmu ya leƙa ƙasa ya ɗago ya ce, "Wannan ce ɗan'uwan naku ya aiko?" Ina jin rabin wahalar da nake yi da ita, don wannan ranar ce.

Minti arba'in a layi, wankin kansa ko minti biyar bai kai ba.

Da na fito ban kama hanya ba. Na faka a gefe, na buɗe ƙofofi huɗu da but, na bi robar bakin kowace ƙofa da tawul mai laushi har ta bushe, sannan na shafa mata man silikon don kada ta manne in sanyi ya dawo da dare. Na goge murfin tankin mai, shi ma yana daskarewa. Na ɗaga waifa na share bakinsu. Hannuna ya yi ja kamar gauta, don ba a iya wannan aikin da safar hannu mai kauri. Abin da ya faranta mini rai shi ne ruwan da ya rage a boneti ya tsaya ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa. Alamar kakin da na shafa a watan Oktoba bai gama fita ba ke nan. Yini guda na ɓata a kansa lokacin, Maman Hanifa tana cewa ko amarya ba a yi mata wannan gyaran.

A gida na fiddo tabarmin roba na ƙasa na zubar da ruwan da ya taru a ciki. Kafet ɗin gefen direba ya yi farin tabo inda takalmi ke ɗiga. Ruwan khal da ruwan ɗumi, rabi da rabi, na fesa, na jira kaɗan, na danna da tsumma. Ya fita, sai dai motar tana wari kamar an yi kwaɗo a ciki.

A nan ne na ga tsatsa. Bakin madigadin baya na dama, fenti ya ɗan kumbura, bai fi ƙwayar gero biyu ba. Na danna da farce, ya fashe, ja ya fito. Raina ya ɓaci fiye da yadda abin ya kai. Na kira dattijon. Ya zo ya sa tabarau, ya shafa da yatsa, ya ce tsakuwa ce ta fasa fentin tun tuni, gishiri ya samu ƙofa ya shiga ta ƙasa. Na ce in sayo ɗan fenti in ɗiga yau? Ya ce a'a, fenti ba ya kamawa a wannan sanyi, in shafa ɗan mai in rufe wurin, in an shiga Afrilu ko Mayu a kankare har a ga farin ƙarfe sannan a yi shi yadda ya kamata. Bai tsaya nan ba, ya shimfiɗa kwali ya kwanta da tocilarsa, ni ina ta ba shi haƙuri, kunya ta kama ni, dattijo a ƙasa ni a tsaye. Ya daɗe kafin ya fito. Ya ce ƙasan lafiya lau, man da na kai aka fesa mata a kaka yana nan yana aikinsa, kada in tsallake bana.

Sai na yi masa ƙorafin da na saba, cewa da ina da gareji mai ɗumi da duk wannan bai same ni ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce motocin da ya fi ganin sun ruɓe a zamanin aikinsa na masu gareji mai ɗumi ne. Motar da ta kwana a waje cikin tsananin sanyi, gishirin yana daskare a jikinta, tsatsa ba ta sauri. Wadda ake shigarwa ɗumi kullum da dare, ƙanƙarar ta narke, ruwan gishiri ya kwana yana ratsa kowane lungu, da safe a fito a ƙaro sabo. Ban taɓa tunanin rashin gareji zai zama abin da zan gode wa Allah a kai ba.

Bayan la'asar na fita sayen gishirin Maman Hanifa. Na hau babbar hanya ta 417, motar tana ƙyalli, ina jin kaina. Ko minti goma ban yi ba wata tirela ta wuce ni ta hagu, ta watso mini ruwan kwalta mai launin kunun kanwa tun daga gilashi har but. Na danna ruwan waifa, ya fito sau biyu ya tsaya. Ya ƙare. Haka na lallaɓa na sauka a mafita ta gaba ina leƙe ta ɗan wurin da ya rage. A kanti na sayi jarka biyu na ruwan gilashi, mai jure sanyin 40 ƙasa da sifili, ɗaya na juye nan take a wurin fakin, ɗaya na jefa a but. Gishirin girki kuwa ƙaramin kwali ɗaya, na biya kuɗinsa ina kallon wanda aka watsa a bakin ƙofar kantin, ya fi mudu.

Da na dawo Maman Hanifa ta leƙo ta taga, ta dubi motar, ta dube ni. Ta ce, "Abban Hanifa, ba ka samu layin ba ne?"

Yanzu ƙarfe goma ta wuce. Waya ta ce kafin asuba za a koma 14 ƙasa da sifili. Motar watsa gishiri ta wuce ta layinmu sau biyu, ina jin ƙarar ƙwayoyin suna dukan kwalta. Na fita da jallabiya da jaket na ja ƙofar direba don in gwada. Ta buɗe.