Abin da Tafiyar Dare ta Koya Mini Game da Hidimar Fasinja

Jirginmu na zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin yakan tashi ne bayan ƙarfe biyu na dare daga ɗaya daga cikin biranen yankin Tekun Fasha, kuma a watannin Afrilu da Oktoba, lokacin babbar kasuwar baje koli ta wannan birni, da wuya a rasa ’yan kasuwar Kano da Legas da Yamai a cikinsa. Kafin su iso hannunmu sun riga sun yi tafiyar awa shida ko bakwai daga gida, sun kuma yi zaman jira a filin jirgi, saboda haka suna shigowa ne idanu sun yi ja, ƙafafu sun yi nauyi, ga kuma wasu awanni kusan takwas a gabansu. A watannina na farko a matsayin ma’aikacin cikin jirgi, abin da na ɗauka aikina ne a kan waɗannan mutane shi ne in tura keken abinci daga farkon layina zuwa ƙarshensa cikin lokacin da aka ƙayyade, in kwashe tire, in raba shayi, sannan a rage fitilu. Ina yin haka da himma, har ina jin daɗi idan na riga abokin aikina da ke ɗaya layin gamawa.

A makarantar horarwa an fara nuna mana cewa abinci ba shi ne ya kawo mu cikin jirgi ba. Ƙa’idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce ma’aikaci ɗaya aƙalla ga kowace kujera 50, kuma dalilin wannan adadi shi ne tsaron rai, domin ba a amincewa da sabon samfurin babban jirgin fasinja sai an tabbatar za a iya fitar da kowa daga cikinsa a daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofinsa a rufe suke. Har ma an ba mu labarin Ellen Church, wadda a 1930 ta zama mace ta farko da ta yi wannan aiki a Amurka, kuma ita da matan da aka ɗauka tare da ita duk ma’aikatan jinya ne. Na haddace waɗannan abubuwa na ci jarrabawa, amma ban fahimci abin da jinya ta haɗa da aikina ba sai da na yi dare da yawa a sama.

Darasin da ya fara shiga kaina shi ne na abincin kansa. Fasinjoji kan yi ƙorafi cewa ba shi da ɗanɗano, ni ma kuma da farko laifin masu dafawa nake gani. Ana dafa shi ne a ƙasa, a manyan ɗakunan girki da ke kusa da filin jirgi, a sanyaya shi nan take, a shirya shi a kan tire, mu kuwa ɗumamawa kawai muke yi a tandun lantarki na wajen minti ashirin ko fiye, tunda ba a kunna wuta a cikin jirgi. Sai dai babban abin da ke canzawa shi ne harshen mai ci da hancinsa. Ko da jirgi yana tafiya a tsayin ƙafa 35,000 ko sama da haka, iskar cikinsa ana matsa ta ne ta yi daidai da ta kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, laimarta kuma takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Kano ko Damagaram ya san wannan bushewa, wadda ke tsage leɓe ta ƙafe cikin hanci. Binciken da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa kamfanin jiragen sama na Lufthansa a 2010 ya nuna cewa a irin wannan yanayi jin ɗanɗanon gishiri na raguwa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, na zaƙi ma yana raguwa. Shi ya sa miya mai romo da kayan ƙamshi ta fi jure tafiyar sama a kan gasasshen nama, wanda ke bushewa wajen ɗumamawa. Tun da na gane haka, idan dattijo ya tambaye ni wanne zai ɗauka tsakanin abinci biyu, mai miya nake nuna masa. Hatta shayi abin ya shafa, domin a wannan matsin iska ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 92 maimakon 100, kuma mutanenmu masu shan shayi da gaske sukan lura da bambancin ko da ba su san dalilinsa ba.

Amma abin da ya sauya mini aikin gaba ɗaya wani dattijo ne da ke zaune a bakin taga, can wajen bayan jirgi. Na miƙa masa tire ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, da na dawo kwashewa kuma sai na tarar ko murfin bai buɗe ba, burodin kawai ya ci. Na ɗauke na wuce, domin lokaci nake kallo. Sai bayan an rage fitilu, ina zagawa da ruwa, na ji yana yi wa na kusa da shi magana da Hausa, na rusuna na ce, “Baba, sannu da hanya, na ga ba ku ci abinci ba.” Ya ɗago da mamaki, ya ce, “Ashe ɗan gida ne. Yaro, ai ban san yankan naman ba.” Tun da ya baro Kano bai sa komai a cikinsa ba sai biskit da burodi, alhali duk abincin da ke cikin jirgin nan na halal ne, an kuma rubuta haka a takardar jerin abinci, da Turanci da Larabci da Sinanci. Ba zai tambayi ma’aikaciyar da ba ta jin yarensa ba, ba zai kuma danna maɓallin kira ba, domin a tarbiyyarsa baƙo ba ya neman abin da ba a ba shi ba. Na koma kicin na ɗumama masa shinkafa da kaza da suka rage. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ni ne na ɗauke tiren farko da hannuna, na ga ba a taɓa shi ba, ban kuma tambaya ba.

Daga ranar na fara kallon abin da ke dawowa a kan tire kamar yadda ma’aikacin jinya ke kallon kwanon majinyaci. Na kuma gane cewa maɓallin kira ba ya nuna wanda ya fi buƙata. Wanda ya saba tafiya zai danna shi sau biyar don ƙarin ƙanƙara, mai kawaici kuwa zai kwana da ƙishirwa. Akwai wata Hajiya da ta ƙi karɓar ruwa har sau uku, kuma sai da na zauna a kan dugadugaina muka gaisa sannan na fahimci cewa tsoron banɗakin take yi: ba ta san yadda ake buɗe ƙofar mai naɗewa ba, ta ji ƙarar da masai ke yi idan ya zuƙe, ta kuma ji kunyar tashin mazan da ke zaune a gefenta. Ta yanke shawarar kada ta sha komai har a sauka. Na roƙi wata abokiyar aikina mace ta raka ta ta nuna mata, muka kuma samo mata kujerar gefen hanya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajen lafiya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin daskarewar jini a jijiya yana ninkawa kusan biyu bayan tafiyar awa huɗu ko fiye a zaune wuri guda. Mutumin da ya ƙi sha don kada ya tashi ya haɗa wa kansa bushewar jiki da rashin motsi a lokaci ɗaya.

Maganar alwala da salla ma a nan ta shigo. Jirgin da ya nufi gabas yana tarar alfijir da wuri, har fasinja ya ga haske a taga alhali agogonsa, wanda ke kan lokacin Najeriya, yana nuna masa har yanzu tsakar dare ne, tunda awa bakwai ne tsakanin Kano da Guangzhou. Abokan aikina da ba su san alwala ba kan yi fushi idan suka tarar da ruwa a ƙasan banɗaki, ni kuma na ga fushi ba ya busar da ƙasa. Nakan faɗa wa mutanenmu tun da wuri cewa su yi amfani da ruwa kaɗan, in ajiye ƙarin takardar gogewa, in kuma sanar da su idan asuba ta yi a inda jirgin yake. A watan azumi nakan ɓoye tire biyu ko uku don masu sahur, domin jadawalin rabon abinci ba ya la’akari da su.

Barci shi ne abin da na fi yin kuskure a kansa. Kujerar ƙaramin aji tazararta da ta gaba ba ta wuce inci 31 ko 32 a yawancin jirage ba, kuma wanda ya samu barci ya ɗauke shi a wannan ƙunci ya samu abin da ya fi duk abin da ke cikin kekena daraja. Na taɓa tashin wani mutum don in ba shi abincin da ake rabawa bayan tashi, ya buɗe ido ya dube ni bai ce komai ba, kuma har muka sauka ban ƙara ganin ya runtsa ba. Shugabar ma’aikatanmu ta wannan dare, mace mai shekaru da yawa a aikin, ta kira ni kicin ta ce abinci yana jira, barci kuwa idan ya tafi ba ya dawowa. Ita ta koya mini tafiya a hankali a layi, da rufe akwatunan kicin ba tare da ƙara ba, da riƙe tocila tana kallon ƙasa, da kuma roƙon fasinjoji tun kafin su kwanta su ɗaura bel a saman bargo domin kada sai mun tashe su idan fitilar bel ta kama.

Wannan fitila kuwa na daina ɗaukarta da wasa. A ranar 21 ga Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa mummunar gargadar iska ana cikin rabon karin kumallo, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, sai a Bangkok aka sauka. Bayan haka, na ɗan wani lokaci a 2024, kamfanin ya dakatar da rabon abinci duk lokacin da fitilar ke kunne, kamfanin Korean Air na Koriya ta Kudu kuma ya daina ba da taliyar kofi mai ruwan zafi a ƙaramin aji na dogayen tafiye-tafiyensa. A yanzu idan matuƙi ya ce a zauna, nakan mayar da butar shayi ko da saura mutum ɗaya a layi, in ba shi haƙuri, in kawo masa daga baya. Wasu kan ɓata rai, kuma ina ganin ɓacin ransu ya fi sauƙi a kan ƙunar ruwan zafi a cinya.

Tsakiyar dare, bayan rabin ma’aikata sun haura ɗan ɗakin hutawa da ke saman rufin fasinjoji, shi ne lokacin da na fi ɗauka da muhimmanci a yanzu, ko da yake babu abin da jadawali ya rubuta a kansa illa zagaye da ruwa da duba banɗaki. A lokacin nake ganin uwar da ta goya jariri tana kai da kawowa a bayan jirgi ba ta samu ta ci komai ba, da saurayin da sanyi ke kaɗawa amma bargonsa ya faɗi ƙarƙashin kujera, da mai ciwon suga da bai san ana yin odar abinci na musamman kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya ba. Nakan cika tire da kofunan ruwa in bi layi ina duban fuskoki, kuma idan na ga hula ko mayafin da na sani, da sallama nake farawa. Mafi yawan lokuta a wannan gaisuwar ne mutum ke faɗa mini cewa kansa na ciwo tun daga Kano, ko kuma yana son ya san ko asuba ta yi.