Dikte a ajin kurame

Takardar canjin wuri ta fito, kafin a koma lakwal a watan Oktoba zan bar Damagaram. Abokan aiki suna ta tambaya ko ni na nema. Ban nema ba, kuma duk wanda ya zauna a makarantar nan ya san hannun da ya rubuta rahoton da ya jawo ta.

Rigimarmu da darakta a kan yarinya guda ta taso. Sanƙarau ɗin da ya ratsa jihar nan daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ya kwantar da ita tana CE2, wato aji huɗu na firamare. Ta tashi da ranta, kunne kuwa ya tafi. Irin waɗannan yara ba ɗaya suke da wanda aka haifa kurma ba: tana magana, tana karatu, harshe na nan cikin kanta. Abin da take bukata shi ne a zaunar da ita gaba inda za ta ga bakin malami, a koya mata maganar hannu da wuri, a ci gaba daga inda ta tsaya. Darakta ya ce a mayar da ita CI, wato aji ɗaya, cikin 'yan shekara shida.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ji ta rasa, ba hankali ba."

Ya ce, "Mushe, kai aka ba makarantar ko ni?"

Don ya nuna gaskiyarsa sai ya shirya mata gwaji, gwajin kuma dikte, wato malami ya karanta, yaro ya rubuta abin da ya ji. Ya tsaya a bayanta yana karantawa yana kai da komo, kamar yadda ya saba tun zamanin da yake riƙe da aji. Yarinya ta riƙe alkalami tana waige-waige tana neman fuskarsa, shi kuwa sai ya ce ta duƙa kan takardarta. Ya ba ta sifili da jan biro, ya sa hannu, ya kai wa inspekta a matsayin hujja. Har yau in na tuna, abin da ke ci mini rai shi ne mutumin ba jahili ba ne. Ya san abin da yake yi. Ajin CI ne masu furoje, wato masu kawo tallafi, suke ƙirga kawunansa, ƙarin kai guda kuma ƙarin kaya ne.

Na riƙe ta a ajina ba da izininsa ba, sunanta na rajistar CI, ita kuma tana kan bencin gaba a wurina. Jimlolin da ya karanta mata, na rubuta su a allo, na bar ta ta duba, na goge, ta maido su daga ka da kuskure biyu kacal. Na kai masa takardar, bai ɗago kai ba. Daga ranar aka fitar da mu daga ajin siminti zuwa rumfar zana ta bayan makewayi, inda hasken da ke shiga bai isa yaro ya ga hannun malaminsa da kyau ba, balle in hunturu ya taso da ƙura. Ranar da baƙi za su zo daga Yamai sai a dawo da mu, a buɗe kabad, a maƙala wa yara na'urar ji da batirinta ya mutu tun bara, a ɗauki hoto. Kafin ƙurar motarsu ta kwanta an kwashe an kulle. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma babu wanda ya fi darakta iya ambaton haka a jawabin maraba.

Yarinyar tana CM2, ajin ƙarshe na firamare, yanzu, ita ce ta uku a ajinta, cikin masu ji. Sunana bai fito ko'ina ba a wannan labari, ba kuma na neman ya fito.

Wanda zai gaje ni, ga kaɗan daga abin da aikin ya koya mini. Kada ka raina alamun da yaro ya zo da su daga gida. Alamun lakwal asalinsu na Amurka ne, sun yaɗu a yankinmu ta hanyar aikin Andrew Foster da ya fara a Ghana a 1957, amma yaron Birni ko na Kara-Kara yana da nasa na tuwo, na kuɗi, na sarki, kuma da su yake magana da uwarsa. Koyi nasa kafin ka ɗora masa naka. Uwa ta fi uba zuwa in ka kira, don haka ita za ka koya wa. In yaro ya ɓace ranar Juma'a kada ka yi masa faɗa, an tura shi bara ne ƙofar masallaci, je ka sami mai gidan cikin lalama. Kada ka yi magana kana fuskantar allo.

Duk umarnin da darakta ya ba ka da baki kuma, ka roƙe shi cikin ladabi ya rubuta ya sa hannu, ka ajiye kwafi a gidanka, ba a kabad ɗin makaranta ba. Makullinsa guda ne, kuma yana aljihunsa.