Ranar da tabki ya kada teku a ajina

Har yanzu abin da ɗalibaina na tarminal suka yi a nan Tawa bai sake ni ba. Na raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ta kare hasashe ɗaya kan yadda sinadarai marasa rai suka fara haɗuwa su zama tubalan halittu masu rai a farkon duniya. Tun farko na ce musu shimi muke yi, ba aƙida muke taɓawa ba, sai hankalin kowa ya kwanta.

Na sa ran masu Miller za su cinye. A 1953, a Shikago, Stanley Miller ya haɗa ruwa, metan, amoniyak da idrojen cikin kwalba don kwaikwayon iskar farkon duniya, ya yi ta sakar musu tartsatsin lantarki, sai ga amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Masu teku suka tare su: masana da yawa yanzu na ganin iskar farkon duniya CO2 da azot ne suka fi yawa cikinta, ba iskokin da Miller ya sa ba. Suka kawo nasu, maɓuɓɓugan ruwan ɗumi na ƙarƙashin teku, irin Lost City da aka gano a Atlantika a 2000. Masu dutsen Murchison, wanda ya faɗo daga sararin samaniya a Ostiraliya a 1969 ɗauke da amino asid, ba su daɗe ba.

Sai wata yarinya da ba a cika jin muryarta ba ta ɗaga hannu.

"Mushe, ruwa fa tsinka sarƙar ARN yake yi. Yaya za ta ƙullu a tsakiyar teku?"

ARN sarƙar sinadarai ce mai ɗauke da bayanan gado, 'yar'uwar ADN. Ta ce a duba tabkin bayan gari: damina ta cika shi, rani ya janye shi, bakinsa ya yi fari-fari da gishiri. Wajen ƙulla sinadari da ɗan'uwansa ruwa ake fitarwa, don haka bushewa ce ke taimakawa. Masanin halittu Charles Darwin ya ambaci ƙaramin tabki mai ɗumi cikin wata wasiƙa a 1871, kuma gwaje-gwajen jiƙawa da busarwa sun ba da gajerun sarƙoƙi.

Masu teku ba su miƙa wuya ba, sun ce lokacin babu ozon, iskar da ke tare kaifin hasken rana a sama, don haka hasken rana zai lalata abin da ke fili. Magana ce mai ƙarfi, masana kansu ba su gama ta ba. Amma tambayar yarinyar ba su amsa ba, kuma ajin ya sani.

Malamin da zai gwada, kada ya tsaya inda darasi ya saba tsayawa, wato kan Miller. Ya sa tabki cikin jerin, ya ba maganar ruwa rabin lokaci. Ƙararrawa ce ta katse mu, haushinta har yau ina ji.