Sallama ta zaure, amsa ta ƙofar baya

Ranar Juma'a da la'asar na yi ɓarnar, amma sai ranar Litinin ta fito fili.

A lokacin ni ke kula da kwamfutocin wata cibiya a wajen Samaru, inda yara ke zuwa koyon jarrabawa ta kwamfuta kafin su shiga ta JAMB. Akwai babban ɗakin ɗalibai a ƙasa, ofis a bene, sai wani lungu da muka ajiye sabar, wato babbar kwamfutar da tambayoyi da makin yara ke ciki. CentOS 7, wani nau'in babbar manhajar Linux, ke kanta. Ramin waya biyu gare ta a baya, amma ɗaya kaɗai muke amfani da shi, wanda ya haɗa ta da ɗakin ɗalibai, adireshinta 192.168.10.5. Kwamfutocin ofis kuwa unguwarsu daban, 192.168.20, sai sun bi ta wata ƙaramar rauta ta MikroTik, wato na'urar da ke miƙa saƙo daga unguwa zuwa unguwa, kafin su iso.

Oga ya sayo modem a PZ, ya ce a jona wa sabar don ta riƙa samun intanet nata na kanta. Na soka waya a rami na biyu, na cire tsohuwar babbar mafita, wato hanyar da sabar ke tura duk saƙon da ba na unguwarta ba, daga rami na farko don komai ya bi ta modem. Na zauna gaban wata kwamfuta a ɗakin ɗalibai na gwada, shafi ya buɗe tas. Na kulle, na hau mashin na tafi gida.

Litinin ƙarfe takwas Hajiyar ofis ta kira ni. "Injiniya, makin yaran nan ya ƙi fitowa, ga iyaye sun cika mini ofis." Duk ranar da aka kira ni Injiniya da sassafe, na san ba lafiya ba.

Abin da na fara yi, yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Na zargi waya. Lokacin hunturu ne, ƙura ta shiga ko'ina, sai na ce ita ce ta toshe ramukan. Na hura, na goge, na yanke kan waya na ɗaura sabo, na canza rami a suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa. Na kashe rauta na kunna har sau uku. Awa biyu cur ina wannan, alhali ƙananan fitilun koraye suna ta ƙyaftawa suna gaya mini waya ba ta da laifi. Kuma ɗalibai a ƙasa suna jarrabawarsu lafiya lau, a kan wayar da nake zargi.

Da abin ya ishe ni na kira malamin da ya koya mini aikin nan a Sabon Gari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, saƙon ne bai iso ba, ko amsar ce ba ta koma ba?" Na ce ranka ya daɗe, ai duk ɗaya ne. Ya ce ba ɗaya ba ne, je ka duba.

Na kunna tcpdump, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke shiga da fita, a kan rami na farko, na ce wa Hajiya ta sake gwadawa. Sai ga saƙonnin kwamfutarta suna sauka ɗaya bayan ɗaya, daga 192.168.20.14. Suna isowa sarai. Amsa ce babu ko ɗaya. Na rubuta ip route get 192.168.20.14, wato ina tambayar sabar: in za ki aika wa wannan amsa, ta ina za ki bi? Ta ce ta rami na biyu. Ta modem.

A nan kaina ya waye. Kwamfuta ba ta damu da ƙofar da baƙo ya shigo ba. In za ta amsa, teburin hanyoyinta take dubawa, ta nemi layin da ya fi dacewa da adireshin, in ba ta samu ba ta tura ta babbar mafita. Ɗakin ɗalibai unguwarsu ɗaya da ita, shi ya sa ba su ji komai ba. Ofis kuwa da tsohuwar mafitar da na cire suka dogara. Baƙo ya yi sallama a zaure, mai gida ya zaga ƙofar baya yana amsawa.

Har ma abin bai kai ga amsawar ba. A Linux akwai wani mai gadi, rp_filter, wanda a CentOS 7 yake zuwa a kan 1, mataki mai tsauri. Aikinsa shi ne in saƙo ya shigo ta wata ƙofa, ya duba ko amsarsa ta nan za ta fita. In ba ta nan ba ce, sai ya yar da shi shiru, ba ƙorafi ba sanarwa. Sai da na kunna log_martians, saitin da ke sa a rubuta irin waɗannan saƙonnin da aka yar, sannan na ga sabar tana rubuta saƙonnin Hajiya a matsayin na mutanen duniyar Mars. Da na gaya mata ta ce, "To madalla, ni da ban taɓa wuce Kano ba."

Zuciyata ta raya mini in mayar da mai gadin nan sifili, wato in kashe shi, in huta. Na sha ganin masu ba da wannan shawara. Amma a halin da nake ciki ba abin da zai gyara: saƙo zai shiga, amsa ta fita ta modem, shi kuwa modem bai taɓa jin labarin wata unguwa 192.168.20 ba, sai ta ɓace a can. Maganin layi ɗaya ne: ip route add 192.168.20.0/24 via 192.168.10.1, wato duk amsar da za ta ofis ta bi ta rauta. Ina danna shi na ji firinta a bene ta fara aiki.

Na yi ta baza hanci har Laraba. Aka ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare kafin a tayar da janareta, sabar ta mutu ta tashi, Hajiya ta sake kira. Abin da aka saka da ip route a ƙwaƙwalwa kawai yake zama, da an kashe ya tafi. Wannan karon da nmcli, umarnin da ke adana saiti ko an kashe kwamfuta, na rubuta shi a cikin saitin ramin, sannan na kashe sabar da hannuna, na tsaya a kanta har ta gama tashi, na hau bene na gwada daga kujerar Hajiya. Na sauko na yanki farin salatif biyu, na rubuta ƊALIBAI a ɗaya, MODEM a ɗayan, na naɗa a wuyan kowace waya.