Kada ku goge zanen kafin a ce ku goge

Ɗan ƙanwata ya zo mini da kwamfutarsa makon jiya bayan sallar isha'i, wai in duba masa aikin da zai kai wa wasu masu gina katafaren kanti, suna son a fitar musu da wurin wasan yara a farfajiya. Yaron yana da hannu, wannan ba na ja. Yana ta wuce hotuna: lilo, ciyawar roba, fitilu, wata ƙofa mai baka irin wadda kowa ya gani a hotunan Dubai. Can yatsansa ya zame, wani shafi ya buɗe. Raƙumi ne da hular kwano yana tuƙa a-daidaita-sahu, fasinjojinsa jiminai uku, wuyansu ya huda rufin keken ya fito waje, ga kunkuru cikin kayan sarki ya ɗaga hannu yana neman takardun mota. Na yi dariya har da tari. Shi kuwa nan take ya rufe shafin. Ya ce, "Kawu, wannan shirmen dare ne, gogewa zan yi. In Alhaji ya gani zai ce ba da gaske nake ba."

Na kasa ce masa komai a daren, don abin da zai yi na riga shi yi, da burushi da farin fenti.

A jikin manyan motoci na koyi zane, irin zakin nan da mikiya da ake yi a bayan roka, daga baya na koma rubuta allunan shaguna. Ina cikin ƙuruciya wani kamfani ya samu kwangilar gina wurin wasan yara a garinmu, aka ba ni doguwar katangar da ta kewaye wurin. Ba a faɗa mini abin da zan zana ba. Sai na saki hannu. Na yi kura zaune a kujerar alƙali, awaki sun yi layi da ƙara, kowace ƙafarta na rawa. Na yi jaki da tabarau a ofis yana buga hatimi a kan takardar da ya riƙe a kife. Gizo kuma yana kwance a gadon asibiti yana nishi, Ƙoƙi na yi masa fifita, alhali ƙafarsa ɗaya ta zagaya ƙarƙashin gado tana jawo kwanon tuwo. Leburori kan ajiye kwanon siminti su tsaya kallo. Yaran unguwa kan leƙo ta ƙofa suna kiran 'yan'uwansu. Har yau ina jin muryar wata yarinya mai tallan gyaɗa tana cewa, "Ku zo ku ga jakin ofis!"

Ana jibi manya za su zo duba aiki, sai na kasa barci. Na ce wannan jakin, in wani darakta ya ga kamar da shi ake fa? Kurar nan, in aka ce kotu na zaga? Washegari da asuba na shafe katangar kakaf. Na zana furanni, da taswirar ƙasa, da yaro da yarinya riƙe da littafi suna murmushin da babu mai irinsa a duniya. Manya suka zo, suka wuce ta gaban katangar suna hirarsu, ko waiwaye babu wanda ya yi.

Babu wanda ya ce in goge. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Amma kuma kada matasan yanzu su yi saurin yanke mini hukunci. Zamanin soja ne. Matata na da tsohon ciki, mahaifina na kwance, kuɗin katangar nan da shi na biya haya. Mun ga an kori mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ni kuwa ban san kowa a sama ba. Wani lokaci ina cewa daidai na yi. Wani lokacin kuma in tuna cewa ko shugaban aikin ban tambaya ba, mutumin da na gani da idona ya tsaya gaban kurar yana dariya.

A watan Maris na 2023 na ci karo da labarin rasuwar wani Ba'amurke mai suna Rolly Crump, yana da shekara 93. Ban taɓa jin sunansa ba kafin nan, amma da na fara karanta tarihinsa na kasa dainawa. An haife shi a Kalifoniya a 1930. Ya shiga kamfanin Disney a 1952 a matsayi na can ƙasa, cikin masu cike zanen da ke tsakanin motsi da motsi a fim ɗin zane. Albashin bai kai na masana'antar tangaran da ya baro ba, har sai da ya riƙa aikin ginin ramukan magudanar ruwa a ƙarshen mako don ya ciyar da iyali. Ina so ku riƙe wannan, domin shi ma yana da haya a wuyansa kamar ni.

Abin da ya ɗaga shi kuwa, abin wasa ne. Yana ƙera 'yan ƙananan farfeloli masu launi suna juyawa, aka baje su a ɗakin karatu na kamfanin, mai kamfanin, Walt Disney, ya gani. A 1959 aka mayar da shi sashen da ke tsara Disneyland, wurin shaƙatawar da aka buɗe a Anaheim a 1955. Da aka zo babban baje kolin duniya na birnin Niyok a 1964, farfelolin nan ne suka zama hasumiya mai tsawon ƙafa 120, iska na kaɗa sassanta. Sai dai injiniyoyi sun kaurara ƙarafan don kada iska ta kayar da ita, siffar da ya zana siririya ta ɓaci. Crump da bakinsa ya sha ba da labarin cewa da Walt ya tambaye shi yadda ya gan ta, ya ce masa tarkace ce, da kalmar da ta fi wannan kaushi. Walt ya ce ba zai yiwu ta zama tarkace ba, dala 200,000 ta ci masa. Ba a kore shi ba. Da aka dawo da wani wasan jiragen ruwa na baje kolin mai 'yan tsanan ƙasashen duniya Disneyland a 1966, shi aka ba aikin fuskar ginin.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na gidan fatalwa, Haunted Mansion. Abokan aikinsa suna ta zana abin da aka saba gani, shi kuwa ya zana mutumin kyandir yana narkewa, da kujera mai miƙewa ta yi magana, da agogo mai siffar akwatin gawa. Ranar nuna wa Walt aiki, aka tura kayansa can kusurwa don ana ganin sun yi yawa. Walt ya hango ya tambaya. Washegari da sassafe, kamar yadda Crump ya faɗa, ya tarar da Walt a ofishinsa yana cewa zanen sun hana shi barci, kuma za a yi musu ɗakin ajiye abubuwan ban mamaki na musamman. Kun ga bambancina da shi? An ture nasa kusurwa, amma yana nan a ɗakin. Nawa yana ƙarƙashin farin fenti.

Ba zan ɓoye muku ƙarshen labarin ba. Walt ya rasu a watan Disamba na 1966, aka jingine ɗakin, aka buɗe gidan fatalwa a 1969 ba tare da shi ba, sai ɗan abin da ya tsira nan da can. A 1970 Crump ya bar kamfanin, ko da yake ya sha komawa daga baya. Wato shi ma sai da ya samu babba mai ɗaukar raha sannan rahar ta yi masa rana. Ba kowane oga ne Walt ba. Nawa ma ban sani ba, tunda ban gwada shi ba.

Kuma ba duk wasansa na yarda da shi ba. Shi da abokin aikinsa Yale Gracey sun cika wani ɗaki da dodannin gwaji, masu shara suka ce suna jin tsoro a bar musu fitila. Suka bar fitilar, amma suka ɗana tarko yadda in mutum ya kai tsakiyar ɗakin za ta mutu, dodanni su motsa. Da safe aka tarar da tsintsiya yashe a ƙasa, aka ce daga yau su share ɗakinsu da kansu. Turawa na ba da wannan labari suna dariya. Ni mai sharar nake tunawa. Ba abokin wasansu ba ne, neman abinci ya fito cikin dare.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan shekaru na buɗe shagona, na ɗauki yara. Akwai wani a cikinsu, duk allon da ka ba shi sai ya saka wani abu a gefe. Allon mai gyaran haƙori ya yi wa kada yana kuka riƙe da muƙamuƙi. Mai shagon ya so abin, ni ne na ƙi. Na tsawata masa gaban sauran yara, na ce nan wurin sana'a ne ba dandali ba, na miƙa masa farin fenti ya shafe da hannunsa ina tsaye. Bai ƙara saka komai a gefen allo ba. Bai daɗe ba ya bar zane gaba ɗaya, na ji yana sayar da kayan waya. Na gaya wa kaina tarbiyya nake yi masa, kuma gaskiya ne yaron yana da gaggawa, harufansa ba su cika miƙewa ba. Amma ba harufan na hukunta ba. Na ga katangata a hannunsa ne, raina ya ƙi.

Na zauna da niyyar rubuto muku shawarwari da yawa, sai na ga ba su da yawa.

Ku kai zanen. Ku kai mai hankalin, ku sa mai rahar a ƙarƙashinsa, in mai kuɗi ya ce ba ya so, to shi ya ce. Kada ku yi masa aikin ƙin da bai yi ba.

Amma kada wani ya je ya ce wa ogansa aikinsa tarkace ne don ya karanta a nan. Crump ya yi shekara 12 a kamfanin kafin ya faɗi haka, kuma aikinsa ne na kansa ya kushe. In kuna da haya da mara lafiya a gida, ku auna. Na san yanzu na ce kada ku ji tsoro. To ku ji, amma bayan kun tambaya.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne, kun juya abin. A TikTok ba ku bar kowa ba, ku zagi tsoho, ku kwaikwayi gurgu, ku ce barkwanci ne. A wurin aiki kuwa, inda ake buƙatar rahar, sai ku ɗaure fuska ku kwafo ƙofar Dubai. Mu da muka tashi da tashe, muka ga yara sun sa gemun auduga suna kwaikwayon manya a ƙofar gidan manyan, manyan na ba su hatsi, muka ga Bafulatani da Babarbare na yi wa juna tsiya su rabu suna dariya, bai kamata a ce sai wani ya koya mana inda wasa ke tsayawa ba. Addini ba abin wasa ba ne. Mai rauni ma haka. Mai kujera kuwa zai iya ɗauka, kuma sau da yawa ya fi yadda kuke zato iya dariya.

Sannan ku iya zanen tukuna, don Allah. Jakin da bai yi kama da jaki ba ba ya ba kowa dariya. Ku ajiye waya ku je kasuwar dabbobi da fensir ku zauna.

Sauran maganar ta tsararrakina ce masu shago da masu kwangila. In yaro ya kawo muku aiki, ku ce ya buɗe shafin da ya rufe da sauri. In ba za ku gina abin ba, ku gaya masa dalili ku biyu ba gaban jama'a ba, kuma ku biya shi kuɗin zanen.