Agogon Kaka

Watanni uku ke nan da muka binne Kaka a Zuru, amma har yanzu idan na shiga ɗakinta ƙanshin Dettol ne yake fara tarbata. A kan teburin da ke gefen gadonta akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya saki saboda yawan buɗewa, da ƙaramin agogon da take maƙalawa a ƙirjin farar rigarta domin ƙirga bugun jijiyar majinyaci. Na kasa ɗauke ko ɗaya daga inda ta bar su.

Ta fara aikin jinya tun Zuru tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991, a zamanin da ake tafasa sirinjin gilashi kafin a sake yin allura da shi. Cikin dukan shekarun aikinta, babu wadda take ambata da sanyin murya kamar 1996, shekarar da sanƙarau ya hallaka dubban mutane a Arewa. Ta ce gadaje sun ƙare har aka shimfiɗa tabarmi a baranda, kuma da zarar an kawo yaro da zazzaɓi mai zafi, sai ta tura tafinta ƙarƙashin ƙeyarsa ta ɗago kan a hankali, idan wuyan ya ƙi tanƙwaruwa ta san ba a da sauran lokacin jira.

Ritaya ba ta raba ta da aikin ba. Da tsakar dare ake ƙwanƙwasa mana ƙofa, Musulmi da Kirista, ana cewa, "Mama, a taimaka, jikin yaron ne." Ba ta taɓa yarda ta yi wa kowa allura a gida ba, kuma wannan na daga cikin abubuwan da nake girmama ta a kai, domin da yawa sun mai da ɗakunansu asibiti saboda kuɗi. Takan duba, ta ba da taimakon farko, sannan ta ɗaura zane ta raka su asibiti da ƙafarta. A wurinta na koyi haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ranar Lahadi kuwa ita ce ke tashin gidan. Sai ta duba faratanmu ɗaya bayan ɗaya kafin mu fita, ta ɗaura zanen Zumuntar Mata, mu bi bayanta zuwa majami'a. Muryarta ba mai zaƙi ba ce sosai, amma babu baitin waƙar da ba ta haddace ba. Bayan an tashi sujada, tsofaffi kan yi layi a inuwar dalbejiya tana auna musu hawan jini, tana yi wa masu ƙin shan magani faɗa kamar 'ya'yanta.

A ranar ta'aziyya wata dattijuwa ta shigo cikin hijabi, riƙe da hannun wani magidanci mai gemu. Ta durƙusa gaban mahaifiyata ta ce, "Wannan shi ne yaron da ta kwana a kansa shekarar sanƙarau." Mahaifiyata ta kama hannunta, suka daɗe suna kuka tare, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu.